Yarinyar da Nake Kira Sha Fuɗu

Zuwa ga Malam Mai Bincike, wanda aka aiko daga birni ya auna adalci da shugabancin malaman makaranta a ƙasar Tambuwal da Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da manyan da suka aiko ka, ina yi maka barka da kammala wannan babban aiki. Ni ne hedimastan firamaren nan da ke kan hanyar Kebbe, mai ɗakunan karatu biyu da tsamiya a tsakar fili, wanda ka kira Malam B. a rahotonka don ka rufa mini asiri. Na gode da rufin asirin. Sai dai a duk faɗin ƙasar nan hedimasta ɗaya ne sunansa ya fara da wannan harafi, saboda haka ranar da aka tara mu a Tambuwal aka karanta mana rahoton, ba wanda ya sha wahalar nemo ni da ido. Tunda a gaban jama'a aka karanta ni, ka yi haƙuri in amsa a gaban jama'a. Na riga na rubuto maka sau biyu tsakanina da kai, ina jin takardun suna can suna jiran a yi bincike a kansu.

Ka iso mana wata Talata bayan an gama yankan gero, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Da ka fito daga mota muka ga ba Bature ba ne, Bahaushe ne ɗan'uwanmu da hularsa, sai muka ce alhamdu lillahi, yau namu ya zo, ba sai an nemo tafinta ba. Ka zauna a bayan aji huɗu daga hantsi zuwa azahar, ka ci tuwo a gidana, ka kama hanya kafin la'asar. A cikin wannan ɗan lokaci ka gano abin da ni ban gano ba a shekara goma sha ɗaya ina riƙe da alli, wato ashe ni azzalumin 'ya'ya mata ne. Ga amsata, bi da bi.

Na ɗaya. Ka rubuta cewa idan ina kiran rajista ina kiran yara da sunayensu, amma in na iso kan wata yarinya sai in ce "Sha fuɗu," kamar mai ƙirga buhunan gyaɗa. Gaskiya ka faɗa, har yadda muke furta kalmar a nan ka rubuta daidai. Ka ƙara da cewa ba na dubanta, ba na yaba mata, in ta ɗaga hannu sai in juya ga allo. Wannan ma haka yake. Abu ɗaya ne ya kuɓuce maka, ƙarami ne kuwa, bai kai a ɓata masa shafi ba: yarinyar 'yata ce, kuma ita ce 'yar fari.

Ina jin nauyin bayyana wa mai ilimi irinka abin da kowace tsohuwa ta sani, amma tunda ba a koyar da shi a inda ka yi karatu, bari in gwada. A nan mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yi masa wasa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce, da ita muka tashi, mu da muka fito gidan shanu tamu ta ma fi tsanani. Tun da aka yaye yarinyar take gidan yayana wajen mahaifiyarmu, shi ya sa sunan yayana ke biye da nata a rajista. Ban ga laifinka ba da ba ka gane ta a takarda ba. Amma Malam Sanda, mataimakina, a benci ɗaya kuka wuni, kuma tambaya ɗaya ka yi masa duk yinin nan, ita ce inda ake kewayawa.

Da ka tambaye shi, da ya gaya maka yadda ta zama sha huɗu. Lokacin da aka buɗe wannan aji maza goma sha uku ne, ba mace ko ɗaya. Na bi gida gida ina roƙo har takalmina ya san ƙofar kowa. A zauren mai gari wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, in abin ga na da kyau, ina taka ɗiyar? Fara kawo ta mu gani." Washegari na tura Malam Sanda ya rubuta ta a ƙarƙashin maza. Kafin watan ya ƙare mata biyar sun biyo bayanta. Ban san ko wannan yana cikin abin da kuke kira shugabanci ba, don ban ga gurbinsa a fom ɗinka ba.

Na biyu. Ka ce ina fifita wani yaro ɗan'uwana, ina kiransa Baba, ba na ɗaga masa murya. Yaron nan ba abin da ya haɗa ni da shi sai Musulunci. Ɗan wani makiyayi ne daga wajen Dogon Daji, da ƙyar na raba shi da sandar kiwo. Sunan mahaifina marigayi gare shi, ni kuwa bakina bai taɓa ɗaukar wannan suna ba, ba kuma zan fara tsawata wa mai shi a gaban yara ba. Ka ga ikon Allah, Malam: wanda ba nawa ba ka ba ni shi, tawa kuma ka raba ni da ita, duk a shafi ɗaya.

Na uku. Ka kira yarinyar gefe a gindin tsamiya ka tambaye ta ko malam ya taɓa kiran sunanta, ta ce a'a. Ka tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai, sai ka rubuta cewa tsoro ya cika ta. Me kake so ta ce? Ita ma ba ta kiran sunana, ba ta kuma cewa ni ubanta ne a gaban baƙo. Ka lura kuma cewa ba hannuna ne ke kan littafinta ba, ka ce na raina aikinta har ba na duba shi. Malam Sanda nake ba ya duba, don kada wani uba ya ce na yi wa tawa ƙari. Shekara huɗu ke nan tana zuwa ta ɗaya a hannun wani, ni dai in karanta makin in haɗiye murnata in share allo. Ni a zatona wannan shi ne adalci, sai da rahotonka ya zo na gane ashe sunansa sakaci.

Kuma kai da bakinka ka gaya mini, muna cin tuwo, cewa kai ɗan fari ne, a hannun kakarka ka tashi. To in ka je gida ka zauna ka ƙirga sau nawa ka ji sunanka a bakin mahaifiyarka. In lissafin ya fito, ka rubuta rahoto a kanta.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, sauran duk da na haɗiye su. A ƙarshen fom ɗinka akwai tambaya: wace yarinya ce a ajinka ta cancanci zuwa makarantar kwana ta 'yan mata a birni? Dab da tafiyarka ka karanto mini ita a gaban aji, yara duk sun zuba ido. Na tura maka littafin maki na ce ka duba da kanka, amsar tana ciki. Kana sauri, direba yana ta danna oda, sai ka rubuta cewa hedimasta bai ga ko ɗaya da ta cancanta ba.

Manyan ofis sun karanta rahotonka da kyau, Allah ya saka musu, har sun yi aiki da shi ta fuska biyu. Da farko sun ce mai irin wannan hali bai dace da shugabanci ba, in miƙa makulli ƙarshen wata in koma malamin aji. Sannan sun ce tunda hedimasta da kansa ya shaida ba shi da yarinyar da ta cancanta, gurbi ɗayan da aka ware wa makarantarmu a jarrabawar shiga a mayar da shi wata makaranta. Wato maganata ba abin yarda ba ce, shi ya sa aka sauke ni, kuma maganata abin yarda ce, shi ya sa aka hana yarinyar. Na kwana biyu ina juya wannan lissafi, na kasa koya wa aji huɗu shi. Binciken da aka yi don 'ya'ya mata su sami haƙƙinsu, a ƙauyenmu dai abin da ya haifar ke nan: yarinyar da ta fi kowa maki za ta rufe littafi ta koma ɗebo ruwa, mata biyar ɗin da iyayensu suka bari saboda ita kuma sun riga sun fara ƙarancin zuwa.

Na biyar, nawa laifin. Ba zan ɗora maka duka ba, Allah yana gani. Kai ka yi tambaya, ni na yi shiru. Na zaci littafin maki zai yi magana a madadina, kamar yadda Malam Sanda ya daɗe yana yi. Na manta takardar gwamnati ba ta san kunya ba, in aka bar mata fili sai ta ɗauka babu ne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ya fi ciwo da na ga yarinyar ba ta fasa zuwa ba. Kullum tana zuwa da allonta, in ce sha fuɗu, ta amsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida mahaifiyata. Ita ce ta koya mini wannan kunya, ita ce mai zare mini ido in na ko kalli inda jaririyar take, saboda haka na zaci a wajenta zan sami mai ba ni gaskiya. Na kwashe labari na gaya mata. Ta gama ji tana kaɗin audugarta, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai wanga yaro, mi kaka jira? Bakinka anka ce shi yi kunya, ba a ce hannunka ba. Bokon nan dut da kay yi, ba ka iya rubutu?"

Saboda haka ga roƙona. Hedimastanci ku riƙe, ban zo da shi duniya ba, Malam Sanda zai iya shi, yana ma kiran sunan kowa. Ina roƙon ka rubuta wa manyan ofis layi biyu kawai, kafin a rufe jerin masu jarrabawa ƙarshen watan nan, ka ce amsar tambayar ƙarshe ba babu ba ce, a dawo mana da gurbinmu. Ba na neman a ba ta komai, a bar ta dai ta zauna ta rubuta, in ta faɗi ta faɗi da hannunta. Ina kuma roƙon in za ka sake fita bincike ka ƙara fili ɗaya a fom ɗinka, ko da ƙarami ne, inda za a tambayi mutum me ya sa. Ka kuma riƙa kwana a garin da ka je.

Allah ya ƙara maka ilimi, ya haɗa maka da fahimta. Allah ya ɗaukaka darajarka, ya sa rahotonka na gaba ya amfani waɗanda aka rubuta shi dominsu. Allah ya ba ka 'ya'ya masu albarka, ranar da na farinsu ya yi abin yabo a gaban jama'a kuma Allah ya ba ka yadda za ka yi da bakinka.

Saura amsar tambayarka, wadda ka yi wata da watanni kana bi na. Na san wannan takarda za a karanta ta a zauren mai gari, za a karanta ta a Jabo da Tambuwal, yayana zai ji, ita ma za ta ji. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka raɗa mata suna, ban taɓa furta shi ba, ban taɓa rubuta shi ba. Ka duba da kyau.

Sunanta Sa'adatu. Ita ce ta cancanta. 'Yata ce.

Wassalam.

Naka,
Malam Bube,
hedimasta, zuwa ƙarshen wata.