Waken Malam Ilu ya iso, 'yarsa ba ta dawo ba

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, mai riƙe da gidajen kwanan ɗalibanmu biyu a Jibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ce Uwani, wadda kuka ɗora a kan gidan 'yan mata masu karatun jinya da ungozoma. Na yi sintiri ofishinka har masinja ya daina tambayar sunana, ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Cikin kunya nake wannan rubutu, kuma ina ganin bai kamata in ɗauke ta ni kaɗai ba.

Na farko. Da annobar korona ta shigo aka rufe makarantu, kwamitinka ya zauna ya yanke wa gidan maza da gidan mata hukunci iri ɗaya: a rufe, a sallami masu girki, kowa ya tafi gidan ubansa. Babu mace ko ɗaya a zaman, ni ma ba a kira ni ba. Ga samari abin ya zo da sauƙi, kowa ya rataya jakarsa ya kama hanya. Amma gidan mata yana da dokar da kuka kafa tun zuwan Shari'a, cewa yarinya ba ta fita sai muharraminta ya zo da kansa. Doka ce mai kyau, ni ce ma nake tsare ta. Abin da kuka manta, ku da aka haifa a bakin iyaka, shi ne gidan uban wasu yana Nijar, iyakar kuwa a rufe take.

Na biyu. Iyayen 'yan ƙauyukan Gangara da Kusa sun zo da babura sun kwashe nasu. Aka bar Rakiya, 'yar Malam Ilu, manomi daga wani ƙauye a hanyar Maraɗi. Ranar da ya kawo ta, hannunta ya kama ya sa a nawa, ya ce amana ce, na ce na karɓa. Tun daga nan duk kaka sai ya aiko mini da wake. Da ya ji an rufe gida ya taso har shingen iyaka, ni ma na je, jandarman Nijar suka tsayar da shi daga can, jami'anmu suka tsayar da ni daga nan. Muka gaisa da ɗaga murya kamar masu cinikin shanu. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, manyanmu za su duba, domin a lokacin na yarda za ku duba.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Na roƙi in kai ta gidana, sakatarenka ya ce ina da samari baligai, ba muharramanta ba ne. Na roƙi in riƙa kwana da ita, ya ce an rufe gida saboda cuta, ba a yarda kowa ya kwana ba. Ita da ke kwana a ciki, ban san me kuka ɗauke ta ba. Aka kulle ɗakin ajiyar abinci, aka umarci mai gadi kada ya bar ta ta fita. Haka yarinyar nan ta yi azumi ita kaɗai a gidan da a da kowane ɗaki yake cike da ɗalibai, ina miƙa mata kunu da ƙosai ta ƙofa kamar mai kai abinci gidan yari. Kun ce kuna tsare mutuncinta ne. Ranka ya daɗe, na kasa ganin mutuncin.

Ana gab da Sallah, wata safiya ta haura katanga, ta hau bayan babur ɗin masu fasa-ƙwaurin fetur, a kan jarkoki, suka bi ta daji don tsallakawa Nijar. Yashi ya kayar da su, ta karye a tsintsiyar hannun dama. Maɗorin ƙauyensu ya ɗora, hannun ya kama a karkace. Wannan ce yarinyar da malamanta suke yabon hannunta a ɗakin haihuwa. Ga shi an koma makaranta, kowa ya dawo, gadonta na nan da tabarmarta a naɗe. Idan ba ta dawo a wannan zango ba, karatunta ya tafi.

Ana ta maganar cutar za ta iya juyowa, don haka ina roƙo. A sa mata a cikin kwamiti kafin a sake yanke wa gidan mata hukunci. A san tun yanzu inda ɗalibar da iyayenta ke tsallake za ta zauna idan aka sake rufewa, da wadda za ta kwana da ita, da tukunyar da za ta ci. Ƙungiya ta kai Rakiya asibiti a duba hannun nan tun ana iya gyarawa. Sannan kai da kanka ka taka zuwa wurin Malam Ilu ka ba shi haƙuri. Kada a aiki sakatare.

Malam Ilu bai kai ƙarar kowa ba, ko baƙar magana bai aiko ba. Makon jiya wani direban motar hatsi ya sauke buhun wake a ƙofar gidana, ya ce Malam yana gaishe ni, yana godiya da ɗawainiya. Na tambaye shi labarin Rakiya, ya ce ba a ba shi saƙo a kanta ba. Buhun yana zaure, na hana yara su kwance bakinsa. Ranar da ka shirya tafiya, ka biyo ta gidana mu tafi tare, domin ni kaɗai ba ni da idon da zan dubi mutumin nan.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya kawar mana da wannan annoba.

Wassalam.

Uwani, mai kula da gidan ɗalibai mata, Jibiya.