Kwaɗo Biyu a Kan Tankin Gobara

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Kasuwarmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne Iliya Dogo, mai shagon citta a layin masu hatsi, kuma dattijo a wannan kasuwa. Bana na kammala ajin yaƙi da jahilci, saboda haka da hannuna nake rubuta wannan wasiƙa, a kafe ta inda kowa zai karanta.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, amfanin tankin gobara guda ne: ruwa ya kasance a ajiye, a shirye, a lokacin da wuta ta tashi. Da kwamiti ya ga ana ɗibar ruwan namu ana wanki, sai ya kulle famfon. Don kada wani ɓangare, Musulmi ko Kirista, ya ce an ware shi, aka sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun Alhaji Sule, ɗaya a hannun Baba Yohanna. Har da ni a cikin waɗanda suka tafa hannu ranar.

Na biyu. Ranar Lahadin da wuta ta kama shagon Madam Ngozi mai ɗinki, maƙwabciyata, Alhaji Sule ya iso a guje ya buɗe nasa. Baba Yohanna kuwa yana sujada a coci can garin Gidan Waya, makulli a aljihunsa, wayarsa a kashe, kuma ba laifinsa ba ne. Muna tsaye ƙarƙashin tanki cike, muna watsa ƙasa da ruwan leda. Kafin a sami guduma a fasa kwaɗon, kekunanta na ɗinki sun ƙone, wuta ta ci rabin cittata. Da Juma'a ce, da haka za a yi, don Alhaji Sule zai kasance a masallaci. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, kwamiti ya sayo sabon kwaɗo ya mayar.

Na uku. Na tambayi ma'aikatan kwana-kwana, na kuma fahimta sosai. Tankin roba na sama, irin namu, yana sako ruwa ko babu lantarki, amma zafi na narkar da shi, ga shi jikin shaguna. Na ƙarfe yana jure zafi, sai dai tsatsa. Na siminti da ake ginawa a ƙasa ya fi ɗaukar ruwa, motarsu ma za ta iya ja daga ciki.

Roƙona: a cire kwaɗunan, a ɗaure famfon da siririyar waya wadda kowa zai iya tsinkawa, Musulmi ko Kirista. A matsar da tankin. A fara shawarar na siminti; na yarda in shugabanci aikin.

Sabuwar citta na jirana a Godogodo, manoma sai kirana suke yi, ni kuwa na kasa cewa a kawo, don tsoron wata gobarar. Ina jiran amsarka kafin Juma'a.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare dukiyarka daga abin da ya sami tamu.

Wassalam.

Iliya Dogo,
Kafanchan.