In Tura Bututu Neman Auren Ɗana?

Malam Sabitu, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kuma kada ka jinkirta, domin bayan ƙaramar Sallah za a tafi, ni kuwa har yau ban tsayar da wanda zan tura ba.

Ni ɗan kasuwa ne a Nguru, hatsi nake saye da sayarwa, asalinmu Haɗeja. Alhamdu lillahi ba ni da abin kuka, gida lafiya, kasuwa tana tafiya. Ɗana Abdussalam ya ga yarinya a Gashuwa, sunanta Fanna, 'yar wani dattijo dillalin kifi. Mun bincika, mutanen kirki ne, sun kuma ce a turo magabata. To ka san uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure, aikin baffa ne. Baffan yaron nan kuwa guda ɗaya ne, yayana Laminu. Shi ne Bututu.

In kana kallon wasan kwaikwayon nan na ranar Laraba a talabijin ka san shi: dolon yaron Alhaji mai shago, mai karkatacciyar hula, wanda in aka aike shi sayen gishiri sai ya dawo da siminti. Sama da shekara goma yana wannan fitowa. Akwai wani mako da Alhajin ya ba shi goro ya je ya nema masa auren budurwa, ya faɗa gidan maƙwabta, ya dawo da murna wai an ba su kakar gidan. Har yau in ya ratsa kasuwa sai an tambaye shi lafiyar amaryar. Ni kaina, Allah ya sani, ba na bari wasan ya wuce ni, ina dariya har da hawaye.

Amma a gida Yaya ba haka yake ba. Mutum ne mai nauyin baki. Shi ya riƙe ni da mahaifinmu ya rasu, shi ya kai ni wurin wanda ya koya mini awo, shi ya nema mini auren uwar Abdussalam tun kafin a san wani Bututu. Ban taɓa ba shi saƙo ya faɗi ƙasa ba.

Abin da ya tsorata ni, bara muka je ta'aziyya Kumagannam. Yaya ya ɗaga hannu zai yi addu'a, kafin ya buɗe baki wasu samari suka tuntsire da dariya, har wani dattijo ya rufe fuska da hannun riga. Shi dai bai sauke hannunsa ba, bai harari kowa ba, sai da wurin ya yi tsit sannan ya fara. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige.

Maiɗakina ta ce in tura maƙwabcinmu Alhaji Bappayo, mai shanu, mutum mai kwarjini, kada mutanen Gashuwa su ga mun mai da 'yarsu abin wasa. Tana da gaskiya. Sai dai shekaranjiya na ga tela ya kai wa Yaya sabuwar babbar riga. Da alama ya fara shirin tafiyar, alhali ban ko yi masa maganar ba. Yaya zan yi?

Ƙanen Bututu, Nguru.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanen Bututu. Da farko ina taya ka murna, domin yawancin masu rubuto mini ba su da baffan da za su tura. Kai kana da shi, suna ne kawai ya yi masa yawa.

Tsoron maiɗakinka ba shirme ba ne. Neman aure wuri ne da ake auna juna, kuma dariya a zauren surukai tana iya zama raini ko da ba a nufa ba. Dattijon da zai ba da 'yarsa yana da haƙƙin ya ga an zo masa da nutsuwa.

Amma duba ɗaya gefen. Nguru da Gashuwa ba nisa, talabijin ɗin da kuke kallo shi suke kallo. Ko ka tura wani, ranar ɗaurin aure za su ga Malam Laminu, su kuma tambaya me ya sa aka tsallake babban wa. Amsar ba za ta yi maka kyau ba: za a ce gidan nan suna jin kunyar nasu. Dariyar zaure kafin a gama raba goro ta wuce, amma rigar nan in ta koma akwati ba a sa ba, ciwon zai daɗe, kuma irin yayanka ba zai taɓa faɗa maka ba.

Na kuma lura da abin da kai da ka ba ni labarin ba ka lura da shi ba. A Kumagannam kai ne ka rikice, shi bai rikice ba. Wanda ya shekara goma yana sa jama'a dariya da gangan ya san inda take farawa, ya san kuma yadda ake jira ta mutu. Wauta a gaban kyamara aiki ne na mai hankali.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka je ka same shi a gida, ka roƙe shi wannan aike da bakinka kamar yadda ya cancanta, sannan ka gaya masa tsoronka ba tare da kwana-kwana ba. Ba sabon abu za ka faɗa masa ba. Ka ba shi shawara ya fara zuwa Gashuwa kafin ranar, gaisuwa zalla, ba goro ba maganar aure. Ya yi sallah a masallacin unguwar, ya zauna da baffan yarinya, yara su taru su yi kallonsu su ƙoshi, masu tambayar amarya su tambaya. In ranar ta zo, an riga an sha dariyar, saura magana. Alhaji Bappayo ya raka shi, ya zauna a gefensa, amma baki na Malam Laminu ne. Ka kuma lallashi maiɗakinka, ka tuna mata wanda ya je neman aurenta, ai bai dawo da kakar gidan ba.

Bututu ne ke ɓatar da saƙo. Laminu, da bakinka ka ce, bai taɓa yar da naka ba. Ka tura shi.

Allah ya sanya alheri, ya ba Abdussalam da Fanna zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma bar ku tare da Yaya.

Malam Sabitu