Hagu da Dama a Bakin Kasuwar Jibiya

Zuwa ga Mai girma Shugaban masu aikin hanya, wanda hanyar mota ta Katsina zuwa Jibiya ke ƙarƙashin kulawarsa.

Ranka ya daɗe, salamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙarami ga babba, a durƙushe. Ina gaida iyalinka da ma'aikatanka, har leburorin da ke zuba marmara cikin rana. Allah ya ƙara girma.

Sunana Lawali. Da kakar bana na zo Jibiya daga ƙauyenmu can bayan Riko, inda mota ba ta zuwa. Na sauka wurin kawuna, mai sayar da hatsi a kasuwa. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙare ba, don haka in ka ga magana ta karkace, ka miƙe ta da kanka. Na aika ta jarida ne don ban san ƙofar ofishinka ba, kuma an ce mani manya na duba jarida.

Ga abin da ya sa na yi wanga ƙarfin hali. Kawu ya tsufa, bana kuma jiki ya ƙi mashi daɗi, kwanciyarsa ta fi zamansa yawa. Ba fata nake ba, rai na Allah ne, ina ma iya riga shi. Amma unguwarmu na wannan gefe na hanyar mota, maƙabarta na wancan gefe, kuma mashiga guda ce, ta bakin kasuwa. Na ga abin da ya samu wata gawa a wannan mashiga, da hannuna a ciki. Ba ni son a yi wa Kawu haka.

Na ɗaya, bari in faɗi abin da ya faru, ko da yake faɗinsa nauyi gare ni.

Ranar kasuwa ce, tsakiyar lokacin gyaɗa. Akwai wani dattijo da sarkin tasha ke tsayarwa a bakin kasuwa da jan ƙyalle a kan sanda, yana tsai da mota yana sakinta. Ran nan zazzaɓi ya kayar da shi. Sarkin tasha ya gan ni ina zaune a rumfar Kawu, ya ce ga saurayi mai tsawo, za a hango shi daga nesa. Ya miƙa mani sandar, ya ce in na ga guda ta shigo in tsai da ta bayanta. Abin da ya faɗa mani ke nan duka. Ni kuwa har daɗi na ji, don tun da na zo garin ba wanda ya taɓa ba ni aiki sai ɗaukar buhu.

Da hantsi wata babbar mota ta taso daga wajen Maraɗi, irin wadda mutanen can ke kira kamyo, an ɗora mata gyaɗa har tana rangaji. Direban ya tsaya daidai ni, ya leƙo. Daga baya na ji ashe zuwansa na fari ke nan wannan ƙasa tamu da Ingilishi ke mulki. Ya ce, "Samari, wane hannu kuke bi nan?"

Ranka ya daɗe, ni a gidanmu da hagu ko goro ba a miƙawa. Na sha rankwashi a kan haka ina yaro. Ga baƙo, ga shi ya girme ni, ya tambaye ni cikin mutunci. Ta yaya zan buɗe baki in ba shi hagu? Na rusuna na ce, "Dama, Allah ya ba ka nasara." Har na nuna mashi da sandar.

Ya karkata dama ya shiga. A daidai kwanar mahauta sai ga motar Katsina ta taho a kan hagunta, kamar yadda dokar nan take. Ashe damar wancan ita ce hagun wannan. Allah ya kiyaye ba su haɗu ba, amma sun tsaya hanci da hanci, ko akuya ba ta wucewa tsakani. Na Katsina ya diro yana rantsuwa a hannunsa yake. Na Maraɗi ya diro yana rantsuwa a hannunsa yake, kuma ga wanda ya nuna mashi can riƙe da jan ƙyalle. Duk kasuwa ta waiwayo ta dube ni. Na so ƙasa ta tsage.

Kafin a gama gardama wasu motoci sun taru bayan kowacce. Aka ce na Maraɗi ya ja baya, ƙafar motar ta nutse cikin rairayi. Masu jakai suka cusa kai ta inda suka ga sarari, Fulani suka iso da shanu, raƙuman kanwa suka durƙusa abinsu a tsakiyar hanya. Mashiga ta toshe ruf.

A cikin wannan hali aka fito da gawar Malam Barmo, mai sayar da kanwa, aminin Kawu tun suna samari. Da asuba ya cika. An yi mashi wanka, an sallace shi, aka ɗauko makara za a kai shi. Suka zo bakin kasuwa ba hanya. Mutane na ta cewa a ba gawa hanya, direbobin ma sun cire huluna suna salati, amma ba wanda ke iya motsawa. Aka tsaya da shi cikin rana, masu ɗauka na sauya kafaɗa, hayaƙin mota na bugun likkafani, har aka kira azahar. Daga ƙarshe liman ya ce ba a barin mamaci haka. Aka roƙi wani magidanci da gidansa ke jingine da kasuwa, aka yaye dangarsa gaba da baya, aka ratsa da makara ta tsakar gidansa. Gidan kulle ne. Matansa suka watse ɗakuna, guda ta bar tuwo a wuta. Maza fiye da a ƙirga suka bi ta kan tabarminsu da turmi da shanyarsu.

Ni ina baya. Ban iya sa kafaɗa ba, ban kuma iya komawa gida ba.

Washegari na ɗauki kara na je gyaran dangar. Na yi sallama, mai gidan ya amsa ciki-ciki. Ya tsaya yana kallona ina ɗauri, can ya ce, "Matana, ko surukina bai taɓa ganin tsakar gidansu ba. Jiya har karen mota ya gani." Da na je ta'aziyya kuma, babban ɗan marigayin ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka damu kanka, ai baƙo ka girmama." Wallahi da marina ya yi da ya fi mani sauƙi.

A kasuwa kam ba su bar ni ba. In na biyo ta mahauta sai wani ya ɗaga murya, "Ku ba mai ladabi hanya!" Wani ya ce, "Lawali, miƙo mani wuƙar can, amma da dama, kada mu toshe." Mai fura ma, tsohuwa da ita, in za ta miƙo mani ludayi sai ta ce, "Wane hannu kake bi yau, ɗana?" Yanzu ta bayan rumfuna nake zagayawa.

Na biyu. Na ɗauki laifina, ban ɗora wa kowa ba. Amma na yi ta juya abin a raina, na ga ko ba ni ba wani zai yi. Ƙasar Faransa dama suke bi, mu nan hagu. Tun daga duwan, wato kwastan na Faransa, har kwastan namu, sawu guda ne cikin rairayi, kowa tsakiya yake bi, ba hagu ba dama. Ba wani wuri da aka ce wa direba, to daga nan ka sauya. Inda mota ke fara gamuwa da 'yar'uwarta sosai shi ne bakin kasuwarmu, wurin da ya fi ko'ina ƙunci, ga mahauta, ga masu tukwane, ga yara. Tsofaffin direbobi sun sani. Sabbi tambaya suke, kuma wanda suka tarar shi ke ba su amsa. Na tambayi sarkin tasha me ya sa ƙasar nan ta zaɓi hagu, ya ce haka ya tarar. Na tambayi wani malamin kwastan, ya ce a ƙasar Turawan Ingilishi ma haka suke. Ni ban ce doka ba ta da kyau ba. Na ce dai mutanen Maraɗi da mu harshe guda, salla guda, har auratayya, in an raba mu a hannun mota to a nuna mana inda rabuwar take.

Kuma ko ba a yi kuskure ba, duk ranar kasuwa sai an cushe. Motocin da ke jiran kwastan a nan suke jeruwa. Yawancinsu ba abin da suka zo saye Jibiya, gyaɗa za su kai jirgin ƙasa Kano. Wucewa kawai suke, amma sai sun bi ta cikin cikinmu.

Na uku, ga roƙona. In na yi wauta a yafe mani.

A fitar da wurin sauya hannu daga cikin gari, a kai shi fili can wajen Magama, bakin iyaka. Babana igiyar kaba yake tufkawa. In ka duba igiya, silin da ya taho ta dama sai ya hau kan ɗan'uwansa ya koma hagu, na hagu ya bi ta ƙasa ya koma dama, ba su taɓa karo ba kuma ba wanda ya tsaya yana nuna masu. Ko za a iya tufka hanya haka, guda ta hau 'yar gada guda ta bi ƙarƙashi? Wani direba ya yi mani dariya, ya ce a manyan birane akwai shataletale, mota ta zagaya ta fita. Ni ban taɓa gani ba, ku kuka san wanda ya fi. In duka sun yi tsada, a faɗaɗa wurin, a jera ganguna a shafa masu farar ƙasa, a kafa babban allo a zana hannu yana nuni. Zane, ba rubutu ba, don masu karatu a cikin mota kaɗan ne.

Sannan a yanka wa motocin gyaɗa tasu hanya ta bayan gari, da filin da za su jira kwastan. Na san masu tuwo da masu goro za su yi ƙorafi, don direbobi ne cinikinsu. A ba su wuri can su kafa rumfa, ai ƙafa gare su.

Na ƙarshe shi ne ƙarami, kuma in guda kaɗai za a ba ni, shi nake so. A fitar mana da lungu daga unguwarmu zuwa maƙabarta, wanda bai bi ta bakin kasuwa ba, ya tsallake hanyar mota a inda take da sarari. Faɗinsa ya ishi makara da mutum biyu-biyu a gefe, kuma a kafa turaku a bakinsa kada mota ta shiga. Ba sai kun turo leburori ba. Samarin unguwa sun ce za su fito da gatari da galma, ni ne a gaba. Abin da ba mu iyawa shi ne taɓa bayan gidan mutum ko gefen gonarsa ba da izini ba. Ku turo mai awo ya kafa alama, ku yi magana da hakimi, saura namu ne.

Kawu bai yi mani faɗa ba ko sau guda a kan abin nan, kuma ko rakiyar amininsa bai samu zuwa ba saboda jiki. Kwanan baya ina ba shi kunu ya ce, "Lawali, in tawa ta zo ranar kasuwa, kada ku tsaya jayayya da direbobi, kada kuma ku yaye dangar kowa. Ku ja mani ƙofa ku jira kasuwa ta watse. Ba inda za ni." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na ce mashi to, don ba a musu da mara lafiya. Amma ban yarda ba, ranka ya daɗe. Mutumin da ya karɓe ni ya ci da ni, ba zan rufe shi a ɗaki yana jiran motar gyaɗa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Allah ya buɗe maka hanya duk inda ka dosa, ranar da za a ɗauke ka kuma, bayan tsawon rai, ya sa kada kowa ya tare maka gaba. Amin.

Wassalam.

Ni ne ƙaraminku,
Lawali, na rumfar hatsi, Jibiya.