Ruwan Ƙarƙashin Ƙwarya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da ban girma cikin sunan Yesu Almasihu. Ba zan tambayi lafiyarki ba, tunda inda kike babu ciwon gwiwa, babu tari. Mu dai muna nan ƙauyenmu na gefen Gazawa, muna lallaɓawa. Wata tambaya ce ta daɗe tana cina, kin kuwa san halina, ba na iya haɗiye tambaya.

Kin tuna Idin Tashin Almasihu na shekarar babban fari? Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, rijiyar gari kuma sai a wuni ana jan guga kafin a sami rabin tulu mai laka. Amma ku matan zumunta kuka kafe sai an yi kiɗan ruwa: a cika masaki, a kifa ƙwarya a kai, ki riƙa bugunta da sanda. Baba ya ce hauka ce tuburan. Ke kuwa kika ce kowace mace ta kawo ludayi guda daga randarta, in an tashi sujada ta kwashe abinta. Goggo Rifkatu, maƙwabciyarmu, sai da ta ja kunnenki kada ɗigo ya zube ƙasa.

Ina gefenki da shantu, ina amarya a lokacin. Waƙa ta yi daɗi, ƙwaryarki na amo har cikin ƙirji, sai ga wata Bafulatana tsaye a bakin ƙofar majami'a, goye da yarinyar da wuyanta ya langaɓe. Daga baya muka ji shanunsu sun ƙare a hanya. Musulma ce, ba ta shigo ba. Da 'yar Hausarta ta ce, “Kunnena ya ji ruwa.” Har yau ina mamakin yadda mutum zai gane muryar ruwa daga bayan gari, a cikin hayaniyar mata.

Na ɗauka za ki tsai da kiɗan. Ina! Hannunki na dama na bugu, na hagu ya tsoma ludayi gefen ƙwarya, kika miƙa wa ta kusa da ke, ita ma ta miƙa, har ya kai ƙofa. Ruwan nan fa ba naki ba ne ke kaɗai, na bakin 'ya'yan mutane ne. A hanya sai da ludayin ya bi ta hannun Goggo Rifkatu. Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta miƙa, ko baitin waƙa bai kuɓuce mata ba.

Bayan matar sai ga surukarta, sai ga wani tsoho. Ruwa na raguwa, amo na canzawa, har ƙwarya ta zauna a gindin masaki tana ƙwas-ƙwas. Ba wanda ya ce mana komai, muka ɗaga murya muka cike gurbin. Na buga shantu har cinyata ta yi tsami, hawaye na zuba. Tun ina bayanki nake zuwa majami'a, Inna, amma ran nan na fara ji a jikina cewa Almasihu na tsakaninmu.

Da na tambaye ki dalilin da ba ki tsaya ba, cewa kika yi, “Waƙa ba ta ƙare ba, mi zai sa in tsaya?” Amsar nan ba ta ishe ni ba. Kin san matan ba za su hana ba muddin bakinsu na yabon Ubangiji? Ko hannun ne kawai ya riga tunani? Wayo ne ko bangaskiya, Innata, ko duka biyun?

Da rana ta yi sanyi suka yi kudu, wajen Najeriya. Yarinyar ta buɗe ido, amma ko kuka ba ta iya yi. Ban san sunanta ba, ban kuma sake jin labarinsu ba. Shi ne nake roƙonki ki duba mini can wajenku, tana da jan zare a wuya. In kin neme ta ba ki gan ta ba, madalla, tana nan wata ruga da furfura irin tawa.

Ubangiji ya ƙara miki hutu a gabansa, ya shayar da duk mai ƙishi, ya haɗa fuskokinmu a ranarsa. Amin.

Taki mai yawan tambaya,
Saratu