Kwalar Rigar Dauda

Utaibiyya, Makka

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya zafin Kano? Suhaila da yara suna gaishe ki. Na ba Alhaji Kabo takardar nan tare da dabinonki, tunda kin ce saƙon waya ba ya zama a hannu.

Na ji an kai miki labari wai ni da Dauda mun bar tura tsofaffi a keken guragu a Harami mun koma tseren mota. Umma, mai ba ki labarin ya ƙara gishiri. Kekunanmu suna nan, 'yan kwanaki kawai za mu yi a Jidda. Kuma ba tuƙi za mu yi ba. Wa zai ba autanki Dauda motar da ta fi unguwarmu tsada, shi da ko babur sai ya gaisa da bango? Namu shi ne tsayawa bayan katanga a filin tseren da ke bakin teku, mu ɗaga tuta idan an yi haɗari, mu kwashe tarkace idan an ba mu izini. Aikin sa kai ne, kuma ina son sa, ba zan ɓoye miki ba. Idan motocin nan suka wuce, har cikin haƙora ake jin su.

Abu ɗaya Mish'al, shugaban rukuninmu, yake ta nanatawa: ko direba yana ci da wuta a gabanka, ba ka tsallaka katanga sai an ce ka tsallaka. Dauda ya yi ta gunaguni har muka iso gida. Kin san tarbiyyar marigayi Abba, cewa ɗan Makka ba ya ganin mutum ya faɗi a ɗawafi ya tsaya neman izini. Na ce masa a ɗawafi ƙafafu ne ke biyo bayanka, a can kuwa ƙarfe ne.

Na san abin da ke ranki. Ranar da za ki koma gida kin damƙa min Dauda amana, ban manta ba. Wuri ɗaya aka ajiye mu, kafaɗarsa na jikin tawa. Ki kwantar da hankalinki, mu dai addu'arki muke so.

Ɗanki,
Nasrullahi

Utaibiyya, Makka

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, kuma dabinon ya iso. Kafin komai, dukanmu biyu lafiya lau muke.

Ranar babban tseren, bayan magariba, wata mota ta ƙwace a daidai lanƙwasarmu ta daki katanga, taya ɗaya ya fita. Hayaƙi na tashi, direban a ciki ko motsi. Wallahi Umma, ƙafafuna da kansu suka so tafiya. Na riƙe su, na ɗaga tuta. Ina waiwayawa sai na ga Dauda ya riga ya jefa ƙafa ɗaya ta kafar katanga, bakinsa na ta bismilla kamar yadda muke yi idan tsohuwa ta zame tsakanin Safa da Marwa.

Ban yi masa magana ba, babu mai jin wani a wurin. Kwalar rigarsa na cakuma na fizgo shi baya, muka zube tare. Ba mu gama faɗuwa ba wata motar ta keta hayaƙin, ta bi ta daidai inda zai sauke ƙafarsa. Iskarta ta watsa mana tsakuwa a fuska. Bayan an rage wa motoci gudu aka ba mu izini, direban kuma ya fito da ƙafarsa yana ɗaga wa mutane hannu.

Da aka tashi, Mish'al ya tambaye ni abin da ya faru, don bai gani da kyau ba. Da na ce santsi ne ya kwashe Dauda, da magana ta mutu. Na faɗa masa gaskiya, na kuma roƙe shi ya cire sunan Dauda daga masu aikin, aka cire. Na san ƙanena, baɗi ma haka zai yi, kuma ba lallai ina kusa ba. Ban yi nadama ba ko kaɗan, ko da yake kallon da ya yi min ya sosa min rai.

Tun daga ranar ba ya min magana. Ya ce wa Suhaila na kunyata shi gaban Larabawa, kuma da Abba na raye da ni zai yi wa faɗa. Wataƙila haka ne. Yanzu haka yana zaune can gefe yana cin tuwon matata yana hararata, shatin kwalar bai gama barin wuyansa ba.

Ya rantse zai kira ki ranar Juma'a ya kai ƙarata. Don Allah kada ki katse shi, Umma, kada kuma ki kare ni. Ki bar shi ya yi ta faɗa har kuɗin wayarsa ya ƙare, ke dai ki zauna ki saurari muryarsa.

A gaida mutanen gida. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki,
Nasrullahi