Zarton Bahago

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama? Lafiya lau nake a Launceston ta Ostareliya, sanyi ne dai ke tsattsaga min yatsu, amma kada ka gaya mata.

Ranar Asabar na je gidan wani kafinta da ya rasu, ana sayar da kayansa. Na ɗauki wani zarto duk tsatsa, sai matarsa Noreen ta ce, "Ajiye, ɗana, wahala zai ba ka. Mijina bahago ne, daidai hannunsa ya sassaƙa mariƙin."

Na ce, "Babana ma bahago ne!"

Na kankare tsatsar, na wasa haƙoran, mariƙin kuwa ban taɓa ba. Na aiko maka shi, yana nan tafe gida Tonga. Ka gama fama da zarton na-dama, Baba. Ga naka.

Allah ya bar mana ku.

Ɗanka,
Sitiveni